Zazzaɓin da ya ƙi jin magani: yadda sankarar jini ta faro wa 'ya'yanmu

Maman Ummi, Kano: Assalamu alaikum. Iyayen da aka gano sankarar jini a jikin 'ya'yansu, don Allah ku faɗa mana yadda abin ya faro. Ni tawa da zazzaɓi ta fara, tana shekara 4. A ce maleriya, a sha magani, ta ɗan warware, zazzaɓi ya dawo. Daga nan aka koma taifot. Abin da ya tada min hankali, tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari fat, kuma yarinyar da ba ta zama wuri ɗaya sai ga ta kwance a tabarma tun da hantsi.

Baban Sadik, Zariya: Wa alaikumus salam. Namu ƙafa ce. Yaro ya daina yarda ya taka, sai a goye, dare ya yi ya kama kuka yana riƙe ƙwauri. Kowa ya ce sikila ce, har aka yi gwaji ya fito AA. A asibitin koyarwa na Shika aka ɗebi ɓargonsa, likita ya ce a ɓargo ake yin jini, kuma gurɓatattun ƙwayoyin farin jini ne suka cika shi, shi ya sa ƙashin ke ciwo.

Hajiya Kaka, Maraɗi: Allah ya ba yaranku lafiya, 'ya'yana. Jikana haɓo ya yi ta yi, dasashi na jini in ana wanke masa baki, ga ɗigo-ɗigon ja a ƙafafu da tabon kwanciyar jini ba tare da ya faɗi ba. Wuya duk kaluluwa, kuma ba ta ciwo. Maƙwabta suka ce kambun baka ne. An yi hayaƙi, an sha rubutu, ciki kuwa sai ƙara girma yake, ashe saifa ce ta kumbura.

Nas Hauwa: Sannunku da jinya. Kar hankalin kowa ya tashi, yawancin zazzaɓin yara ba wannan ba ne. Amma a ƙasarmu gwaji zai iya nuna maleriya da gaske, ita kuma sankarar tana ɓoye a ƙarƙashi. In zazzaɓi na dawowa, yaro ya ɗashe, ko an ƙara masa jini ya sake zuƙewa, ku ce a yi FBC, gwajin da ke ƙirga dukkan ƙwayoyin jini. Sannan don Allah a guji karɓo prednisolone ko dexamethasone a kemis. Suna lafar da alamun na ɗan lokaci, su rikita gwajin ɓargo. Nau'in sankarar jinin da ya fi kama yara, wanda ake kira ALL, ya fi yawa tsakanin shekara 2 zuwa 5, kuma yana jin magani, sai dai jinyar kan kai shekara 2 zuwa 3.

Maman Abba, Gusau: Nas, nawa ɗan an yi masa ƙarin jini watan jiya, yanzu ya sake fari, ga haɓo. Mu jira ranar da aka ba mu?

Nas Hauwa: A'a Maman Abba, ku kai shi yau. Ku tafi da duk takardun gwajin baya da kwalayen magungunan da ya sha.