Neman shawara: Baba ya rasa gani, wace na'ura ce za ta mayar da shi masallaci da ƙafarsa?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Mahaifina ne, shekararsa 63, malamin firamare da ya yi ritaya, muna unguwar Jahun a Bauchi. Hawan jinin ido ya yi ta cin ganinsa a hankali, bara likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Mutumin da sahun farko ba ya wuce shi, yau ba ya leƙa waje sai jikansa Abba mai shekara 10 ya ja masa sanda. Yaron yana fashin Islamiyya saboda la'asar da magariba, kuma wannan ya fi ci wa Baba rai. Watan jiya ya gwada fita shi kaɗai da asuba, ya faɗa kwata ya gurje ƙwauri. Tun daga ranar ya rage magana.

Yayana ya ga wata sanda a intanet, WeWALK, wai tana girgiza idan akwai abu a gaba. Ɗaruruwan daloli ce, ya ce mu yi karo-karo. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya kafin mu tura kuɗi.

Malam Bala:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ni makaho ne, da wayata nake rubuto miki, ita ce ta karanta mini saƙonki. Ku dakata da karo-karon tukuna. Sandar da yayanki ya gani ƙirar Turkiyya ce, kuma tana aiki. Amma aikinta shi ne gano abin da ke sama, daga ƙirji zuwa kai, kamar kwanon rumfa ko reshen bishiya. Abin da ya kayar da Baba a ƙasa yake. Kwata da rami da dakali, bakin sanda ne ke jin su, ko mai tsadar ma haka take.

Ku nemo masa farar sanda mai naɗewa, wadda in ya tsaya tsayinta ya kai ƙirjinsa, in da hali mai ƙwallo a baki, don ta fi gangarawa a kan turɓaya da tsakuwa. Sannan horo, wanda shi ne gaba da komai. Ana kaɗa ta hagu da dama daidai faɗin kafaɗa: sanda ta taɓa dama, ƙafar hagu ta taka, sanda ta koma hagu, ta dama ta biyo. Wato ita ke fara duba inda ƙafa za ta sauka. Kada ku ɗora masa gari gaba ɗaya. Hanya ɗaya tak, daga zaure zuwa masallaci. Ya haddace alamominta: inda siminti ya ƙare, turken lantarki, ƙarar injin markaɗe, gadar kwata. Abba ya bi shi a baya ya yi shiru, har ranar da ba a bukatarsa. Ni na yi kusan wata biyu kafin zuciyata ta yarda, yau ina shiga kasuwar Wunti ni kaɗai. Ku tuntuɓi ƙungiyar makafi ta ƙasa reshen jiha, za a haɗa ku da mai koyarwa.

Hajiya Talatu:
Allah Ya sa kaffara ce. Ni dai a ganina ku bar yaron, lada yake samu. Da wannan tuƙin na masu Keke Napep, ina za a saki dattijo shi kaɗai?

Malam Bala:
Hajiya, tsoronki gaskiya ne, shi ya sa ban ce ya tsallaka babban titi ba. Amma na san yaran da suka girma suna jan sanda, har yau ba sa iya rubuta sunansu. Abba ya samu ladarsa ranar Juma'a. Kuma idan zai raka shi, Baba ne zai kama hannunsa sama da gwiwar hannu, yana rabin taku a baya. A daina jan sa da sanda.

Usman mai gyaran waya:
Anti, in wayarsa Android ce akwai TalkBack a cikinta kyauta, manhajar da ke karanta masa abin da ke fuskar waya da murya, a iPhone kuma VoiceOver. Ku saka masa Lookout, tana karanta rubutun kwalin magani. Sai Be My Eyes, wadda ke haɗa shi da mai gani ta bidiyo ya duba masa abu, amma tana cin data. Muryoyin sun fi ƙwarewa a Turanci, tunda malami ne ba matsala. Taswirar Google kan yi kuskuren 'yan mitoci kuma ba ta san kwata ba. A hanya kunne ɗaya kawai zai toshe da abin sauraren waya.

Sista Rabi:
Kada ya daina ɗiga maganin ido sai likita ya ce. Ke da yayyenki ku je asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) a auna muku ƙarfin ido, ciwon nan yana bin jini kuma ba ya sallama.

Maman Hanifa:
Allah Ya saka muku da alheri. Na karanta wa Baba duka. Da na zo wajen alamomi sai ya katse ni, ya lissafa guda shida tsakanin zaure da masallaci, har da dutsen da ni ban taɓa lura da shi ba. Gobe magini zai zo ya rufe kwatar. Malam Bala, Baba ya ce a tambaye ka, da damina in hanya ta caɓe yaya kake yi?