Abin da masu lambu suka ce kan ƙarfafa rassan ƙungiya

A tattaunawar masu lambu kan yadda za a ƙarfafa rassan ƙungiyarsu, an fi daɗewa kan batun iri. Shawarar ita ce uwar ƙungiya ta haɗa odar rassa tun watan Satumba, kafin a zuba irin tumatir da albasa na rani, ta saya a dunƙule. Kada a raba sai an gwada: a shimfiɗa ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma, a ƙirga bayan kwana 10. In waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, a mayar wa dila kayansa. Wannan ya dace, domin mugun iri sai damar shuka ta wuce yake nuna kansa.

Injin ban-ruwa na reshe kuwa, abin da ke kashe shi rashin mai kula ne. A damƙa shi hannun mutum ɗaya, da littafin aro, a riƙa canja baƙin mai, a kuma ɗaura rariya a bakin tiyo saboda yashin kogin Galma yana cinye farfelar famfo.

Kan tsutsar tumatir da ta yi ɓarna a 2016, an ce rassa su nemi malaman gona daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, su zo lambu, su kuma daina nanata magani iri ɗaya, don tsutsar tana sabawa da shi.

Kuɗin wata: rasit ga kowa, a bar wa reshe kasonsa, a karanta lissafi a taro.