Injin shara mai tsaye: wanne zai iya da yashin Maradi?

Maman Auta, Ali Ɗan Sofo

Salamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wajen wanda ya taɓa aiki da injin shara, wanda ƴan lakkal ke ce wa asfiratar, musamman irin mai tsayen nan da ake turawa gaba a jawo baya.

Gidanmu yana can inda kwalta ba ta kai ba. Ƙofar gida yashi ne zalla, duk wanda ya shigo sai ya kawo rabonsa a ƙafa. Falona moket ne bango zuwa bango, mita 5 da 6, tun na biki, shekara 7 ke nan. Ɗakuna biyu kuma karo ne da darduma a tsakiya. Kullum da safe ni da yarinyar da ke taya ni aiki sai mun bi moket ɗin da tsintsiya har baya ya riƙe, amma kina gamawa ki buga tafin hannu a kai, ƙura za ta tashi kamar ba a taɓa shi ba. Hunturun bara autana ɗan shekara 4 ya kwana biyu a likita, numfashi ya sarƙe. Lokotoro ya ce asma ce, a rage ƙura, kuma kar a yi shara yana cikin ɗaki.

Na ɗauki adashi, jika 60 ne a hannuna. Ranar Litinin na zaga kasuwa na ga biyu. Na farko ɗan Beljik ne, na hannu, mai jaka a jiki, nauyi kamar me, filoginsa mai baki biyu masu faɗi, an ce mini jika 35. Na biyu sabo ne dal a kwali, ba jaka sai wani gwangwanin roba da ake ganin datti a ciki, an rubuta 2400W da manyan baƙaƙe, jika 55. Ƙanin maigida kuma da ke zuwa Kano ta Jibiya ya ce in bar su duka, zai kawo mini marar waya mai batir, tunda kuran ɗinmu sai a hankali.

Kaina ya ɗaure. Wanne zan ɗauka?

Mai gyaran fanka, bayan Babbar Kasuwa

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya.

Kafin komai, ɗan Beljik ɗin nan kar ki ba da ko dala sai kin kifa shi kin karanta ƴar takardar da ke manne a ƙasa ko a bayansa. Filogi mai baki masu faɗi da kika faɗa na Amurka ne. Can wutarsu 120V ce, 60Hz, tamu kuwa 220V, 50Hz. In aka canja masa filogi aka soka a bangonki, zai yi wani irin ihu na ɗan lokaci, ki ji ƙauri, shi ke nan. Irinsu uku ne a shagona yanzu, masu su sun bar mini. Ana iya haɗa shi da taransifoma mai rage wuta, amma wadda za ta ɗauki irin wannan injin babba ce mai nauyi, ki ce za ki riƙa jan ta ɗaki zuwa ɗaki?

Sai maganar 2400W. Wannan lambar wutar da yake ci ce, ba ƙarfin zuƙarsa ba. Ƙasashen Tarayyar Turai tun watan Satumba na 2014 suka hana sayar da na gida da ya wuce 1600W, a 2017 suka sauko da shi 900W, kuma gidajensu ba su daina sharuwa ba. Ki yi lissafi da kanki: 2400 a raba da 220, ya kusa amfe 11, wato ma'aunin yawan wutar da yake ja ta waya. Ga firigo yana aiki, ga wani ya jona dutsen guga, sai ki ji wutar gida ta faɗi gaba ɗaya. Mai 900W amfe 4 ne da ɗan kai. Sau da yawa ma lambar kwalin ado ce kawai, ta takardar jikin injin ita ce abin dubawa.

Abin da ya sa mai tsaye ya fi sauran a kan moket shi ne burushin da ke juyawa a bakinsa. Yashi ba ƙura ba ne, yana da nauyi, yana nutsewa can gindin gashin moket ya kwanta, iska kaɗai ba ta ciro shi. Sai burushin ya kaɗa shi ya taso sannan iska ta ɗauke. To burushin nan bel ne na roba ke juya shi, kuma bel shi ne abin da ke fara mutuwa. Zafin garin nan yana sa shi ya saki, in gashi ya naɗe burushi kuma ya ƙone ya tsinke. Injin zai ci gaba da kuka, ki ɗauka yana aiki, alhali burushi a tsaye yake. Saboda haka tambayar farko ga mai shago: kana da bel ɗinsa? Kana da filtarsa? In ya fara sosa ƙeya ki yi masa sallama. In yana da su, ki sayi bel 2 ko 3 tare da injin, ki ajiye a inuwa cikin leda.

Akwai kuma abin da ba kowa ke lura ba. Tsofaffin masu tsaye, dattin ta cikin farfelar injin yake bi kafin ya faɗa jaka. A garin da ba yashi ba laifi. A nan kuwa yashi zai ci farfelar kamar ana goga ta da takardar yashi, tsakuwa ɗaya ko ƙusa ta fasa ta. Ki nemi wanda dattin ke fara shiga jaka ko gwangwani, iska mai tsabta ce kawai ke isa ga injin. Yawancin na yanzu haka suke.

Ni abin yana ba ni sha'awa saboda asalinsa aikinmu ne. Wani mai shara a wani kanti a jihar Ohayo ta Amurka, James Spangler, shi ma asma ke damunsa, ya haɗa ƙaramin injin lantarki da farfela da sandar tsintsiya da rigar matashin kai. A 1908 ya sayar wa William Hoover haƙƙin abin. Har yau Turawan Ingila in za su ce a share da inji sunan Hoover suke kira.

Amaryar Zariya ta Biyu

Yaya sannu da jinya. Ni shekara 3 ke nan ina da marar jaka mai tsaye, bari in faɗa miki abin da mai shago ba zai faɗa ba.

Ranar farko sai da na zubar da gwangwanin sau 5 a falo ɗaya, yashi ja wur, har kunya ta kama ni, ni da nake ganin ina da tsabta. Wannan kam yana yi. Amma a kan karo, in burushi na juyawa, watsa yashin yake yi, kina ji yana bugun ƙafarki ta baya. Nawa ba shi da maɓallin tsai da burushi, don haka ɗakunan karo har gobe tsintsiya da tsumma ne. Ke da kike da ɗaki biyu na karo, ki nemi mai maɓallin. Ki duba kuma yana da abin ɗaga baki da sauke shi, don darduma mai kauri da moket ba tsayinsu ɗaya ba. Gezar bakin darduma kuwa cinye ta yake, tawa ta Makka gefe ɗaya ya zama kwalkwal.

Ranar da aka yi kitso a falo kar ki kuskura ki tura shi sai an tsince gashin kanti da zare da hannu. Ni duk Juma'a nake kifa shi in bi burushin da almakashi.

Babban kuskurena tokar kasko. Turaren wuta ya zube, na ce bari in zuƙe. Toka ta fi ƙura laushi, nan take ta toshe filta, injin ya yi zafi ya kashe kansa, sai da ya huce kusan awa ɗaya ya tashi. Allah ya taimake ni ba garwashi mai rai a ciki. Filtar soso ana wanke ta da ruwa zalla, amma sai ta kwana ta wuni ta bushe ƙarau kafin a mayar. In kika mayar da danshi, warin da zai riƙa fesowa ba a magana.

Game da yaronki, a nan ne nake da shakka kan marar jaka. Lokacin zubar da gwangwani ƙurar tashi take yi bus a fuska. Ni a bayan gida nake juye shi cikin leda, na rufe hanci da mayafi. Mai jaka ya fi tsabta ta wannan wajen, cirewa kawai za ki yi ki jefar, sai dai jakar takardar ce ba kullum ake samu a garin nan ba, kuma da irin yashinmu ba za ta daɗe ba ta cika. Ko wanne ne, ki nemi mai filtar HEPA a inda iska ke fita. Ta gaske tana tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙurar da ido ba ya gani, mai girman maikuron 0.3. In babu ita, mai laushin da ke shiga ƙirji ta baya take fitowa ta koma ɗaki. Ita yawanci ba a wanke ta, canjawa ake yi.

Baba na Bagalam

Ƴata, ku yi haƙuri da maganar tsoho. Jika 60 a kan injin da zai yi faɗa da moket mai shekara 7? Ku naɗe moket ɗin nan ku ga abin da ke ƙarƙashinsa, na rantse za ku cika bokiti. Ni na cire nawa, siminti ne da tabarma, a ɗaga a kakkaɓe a waje a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma. Jikana mai irin wannan ciwo ya samu sauƙi sosai. Ba ya cin kuran, ba ya neman bel.

Maman Auta, Ali Ɗan Sofo

Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Lokotoro ma ya faɗi haka. Sai dai simintin da ke ƙasa duk ya farfashe, kuɗin karo kuma ba yanzu ba. Ɗakin da yaron ke kwana dai na fitar da dardumar tun jiya da na karanta maganarku.

Ɗan hanya, Maradi zuwa Kano

Hajiya, ina ɗauko irin kayan nan, don haka zan ce wani abu kan marar waya. Yana da daɗin riƙewa, bai kai rabin nauyin mai tsaye ba, wanda yawanci kilo 6 zuwa 8 ne. Amma mintocin da ake rubutawa a kwali na ƙaramin gudu ne. In kika sa shi a babban gudu, wanda shi ne zai taɓa yashin moket, da wuya ya wuce minti 10, sannan ya koma caji na awanni. Wannan ba zai ishi falo mai mita 5 da 6 ba. Batirin lithiyom kuma ba ya shiri da zafi, ga watan Afrilu da Mayu namu da ake haura digiri 40. In batir ya mutu, nemo irinsa wani aiki ne. Shara ai ba sallah ba ce da za a ce lokacinta zai fita, a jira wuta ta dawo a yi.

In daga Kano za a kawo mai waya, ƙarfin wutarmu da tasu ɗaya ne, ba matsala. Filoginsu ne mai baki uku irin na Ingila. Kar a riƙa cusa shi a ƙaramar adafta ta jika ɗaya, narkewa take yi. A ba mai gyara ya yanke ya sa irin namu mai baki zagaye, mai kauri. A kuma auna tsawon waya, in ba ta kai mita 6 ko 7 ba za ki gaji da cire-soka.

Maman Auta, Ali Ɗan Sofo

Na dawo da labari. Yau Juma'a na koma, na sa yaron shago ya kifa ɗan Beljik ɗin. Malam mai gyara, kamar kana wurin: 120V ɓaro-ɓaro. Mai shi ya ce ai ba komai, ana sa wa. Na ce to soka a nan in gani. Sai ya ce wai ba wuta, alhali fanka na juyawa a kansa.

Sabon kuma da aka fito da shi daga kwali, takardar jikinsa ba 2400 ta ce ba, kuma ba shi da bel na canji. A shago na uku na samu wani na hannu ɗan Turai, 220V, 800W, marar jaka, yana da maɓallin tsai da burushi da tiyo a gefe na bin kujeru da lungu. Na je da yashi a ƙullin leda da guntun moket da ya rage tun lokacin shimfiɗa, na zuba na murje da ƙafa, aka tura sau 4, na ɗaga na kakkaɓe, ɗan kaɗan ya zubo. Mutane har sun taru suna dariya. An tsaya a jika 42, na ba da jika 5 a riƙe mini zuwa Litinin. Filtar bayansa an rubuta HEPA amma ta yi baƙi ƙirin, bel kuma wanda ke ciki ne kawai. Ƙanin maigida zai tafi Kano ranar Laraba, me zan ce ya nemo?

Mai gyaran fanka, bayan Babbar Kasuwa

Ki ɗauki hoton takardar jikin injin inda lambar samfurinsa take, ki tura masa a WhatsApp. Filtar kuma a cire a ba shi ita a hannu, a gwada da ido, don lamba ɗaya takan zo da fasali biyu. Bel ɗin kar a ba shi, ya riga ya saki, in aka auna da shi za a kawo miki wanda ya yi yawa. Lambarsa tana rubuce a bayan robar, a goge da yatsa za ta fito. Kafin ki cika kuɗin ranar Litinin ki sa a bar shi yana aiki minti 10 cur, ki sa hanci wajen da iska ke fita. In kin ji ƙauri ko kin ga tartsatsi mai yawa ta ramukan injin, gawayinsa, wato ƴan guntayen da ke kai wuta cikin injin, ya cinye, sai a rage miki jika 3 ki biyo da shi shago in canja.