Inda Baƙo Zai Ci Abinci a Riyad

Hausawa mazauna Saudiyya da suka tattauna wannan batu sun yi ittifaƙi a kan cewa baƙo mai ƙaramin ƙarfi ya fara da unguwar Batha, inda shagunan abincin Yamalawa, Fakistanawa da Indiyawa suke jere, farashinsu kuma bai fi ƙarfin talaka ba. Da safe sun fi son ful, wato dafaffen wake da aka dama, da burodin tamis mai zafi, wanda ake ɓamɓaro shi daga bangon tanda a gaban mai saye. Da rana kuwa sai kabsa ko mandi, wato nau'o'in dafaffiyar shinkafa da nama ko kaza, kuma sun ja hankali cewa faranti ɗaya da rabin kaza yakan ishi mutum biyu, don haka kada a yi almubazzaranci.

Wanda yake son ɗanɗana girkin asali na Najadu, yankin da Riyad take ciki, ya nemi jarish, wato ɓarzajjen alkama da ake dafawa da nono. Ni ma a ganina wannan ce shawara mafi amfani. Gidajen abincin titin Tahliya da na Bujairi a Diriyya, garin da ke gefen Riyad, suna da kyau, sai dai tsada.

Game da abin sha, akwai gahawa da dabino, shayi da ruwan 'ya'yan itace. A watan Ramadan ba a buɗe gidajen cin abinci sai dab da magariba.