Sifirin, gammo ko linzami: me za mu kira abin da ke ƙafar motar rimot?

Jama'a, ku kawo ɗauki da kalma. Ƙanena ya dawo daga Kano da motar rimot ta tsere, ta hannu ce, irin mai girman 1 bisa 10 na motar gaske. Muka share mata fili a masussukar bayan gari, nan ƙauyenmu wajen Ringim. A miƙe kamar kibiya take. Da ta iso kwana sai ta ƙi lanƙwasa, ta zarce cikin karan dawa, yara na ihu.

Da yake gyaran babur nake yi, ni aka miƙo wa. Kowace ƙafa tana da abin da mu a gareji muke cewa shokozoba, tsawonsa bai wuce yatsa ba. Wajen yi wa yaron bayani na gane suna ɗaya muke kiran abu biyu da shi. Akwai murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyi. Akwai kuma 'yar kwalbar da ke cikinsa mai man silikon, wadda ke hana shi yin ta tsalle bayan ya lotsa.

Kawu, da ke zaune yana tufkar igiya, ya ce ƙarfen ai gammo ne: a naɗe yake, tsakanin kaya da kai yake zama. Na ce, "Kawu, Allah ya ja kwana, amma gammo in ya lotsa ya lotsa ke nan." Ya ce to in nemo nawa. Wani malamin firamare ya kawo "sha-gargada". Tana da daɗi a baki, sai dai ta ɓoye rabin aikin, don a fili mai laushi ma ƙarfen nan ne ke raba nauyi tsakanin tayoyi in an sha kwana. Ni dai a bar mana sifirin, ko mai gyaran keke ya san shi.

Kwalbar man ce nake so a kira linzami. Sifirin doki ne, so yake ya zabura, ita ke riƙe shi. Man da ke da kauri yakan sa motar ta kwanta a hankali in ta sha kwana, mai ruwa-ruwa kuma nan take.

In an karɓi wannan, cutar motarmu ma ta samu suna: taurin baki, kamar dokin da ka ja wa linzami ya ƙi juyawa. Sifirin gabanta ya fi ƙarfin turɓayarmu, tayoyin gaba ba sa cizon ƙasa. Da farko na yi ta murza zoben da ke saman sifirin ina zaton laushi nake ƙara masa, ashe tsayin motar daga ƙasa kawai nake sauyawa. Sai da na tsinci wasu masu laushi a ledar da ta zo da ita na sa a gaba, sannan ta fara bin kwana.

Yanzu kuma bayan ne ke kwacewa, ta juya ta kalli inda ta fito. Yara sun ce "wulla gindi". Wannan ba ta faɗuwa a gaban surukai. Mahaya doki, me kuke cewa?