Wane fasfo zan yi wa jaririyata da aka haifa a Amurka?

Assalamu alaikum 'yan uwa. A nan Amurka na haihu, yarinyar yanzu watanta goma. Ni da babanta duk 'yan Najeriya ne. Mahaifiyata ta matsa sai ta ga jikarta, to ina so mu je gida nan da wata uku, ni da ita kawai, maigida bai samu hutu ba. Takardar haihuwa kaɗai ke hannunmu. Fasfon Najeriya zan yi mata ko na Amurka? Kaina ya kulle wallahi.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Fara da na Amurka, shi dole ne. Dokarsu ta ce ɗan ƙasa da fasfonsu zai fita, da shi zai dawo. Yaron da bai kai shekara 16 ba sai uwa da uba sun kai shi wurin neman fasfon. In ɗaya ba zai samu zuwa ba, ya cike fom ɗin amincewa mai lamba DS-3053 a gaban notari, wato jami'in da ke tabbatar da sa hannu.

Baban Yara: Hajiya, 'yarki 'yar Najeriya ce tun ranar da ta faɗo duniya. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka haifa a waje wannan haƙƙi muddin ɗaya cikin iyayensa ɗan ƙasa ne. Ki nema mata koren fasfo a ofishin jakadanci na Washinton, ko na New York ko Atlanta. Amma sai an fara yi mata NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa. In kika ga lokaci zai ƙure, ki buga mata biza a kan na Amurkan, koren ya biyo baya.

Anti: Ni rubutun suna ne ya kusa hana ni tafiya. Fasfon ɗana an sa Mohammed, tikiti kuma Muhammad. Ma'aikaciyar ta ɗaga fasfo, ta kalli kwamfuta, ta sake kallona, ga yaro yana tsala ihu a kafaɗata, layi ya taru a bayana. Ki duba sunan harafi-harafi. Tunda kuma ke kaɗai za ki, maigida ya rubuta takardar amincewa, notari ya buga hatimi, ki haɗa da takardar haihuwar a jakar hannu.

Mai tambaya: Allah ya saka. Rigakafin shawara fa, ba ta yi ƙanƙanta ba?

Uwar Biyu: Daga wata tara ake yi, ta kai. Ki yi mata aƙalla kwana goma kafin tafiya, ki karɓi katin shaidar rigakafin.