Neman shawara: na'urar tuƙi mai sarrafa kanta tana sa jirgin ruwa karkace-karkace

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a wani jirgin ruwa na faiba da ke jigilar ma'aikata a Legas. Tun da aka sauya mana batura aka kuma ɗaura sabuwar lasifika a ɗakin tuƙi, duk lokacin da muka miƙa wa na'urar tuƙi ragama sai jirgin ya riƙa kai gwauro yana kai mari, kuma alkiblar da take nunawa tana saɓa wa ta GPS da kusan digiri 20. Me ya kamata mu fara gyarawa?

Amsar wani injiniya daga Fatakwal:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka taɓa saitin komai tukuna, domin a ganina matsalar tana wajen kamfas ɗin na'urar, wato abin da ke nuna mata alkibla ta hanyar maganaɗisu. Lasifika tana ɗauke da maganaɗisu, manyan wayoyin batir kuma suna haifar da irin wannan jan idan wuta tana bi ta cikinsu, saboda haka ka nemo inda aka dasa kamfas ɗin, ka nisanta waɗannan abubuwa daga gare shi da aƙalla mita 1. Bayan haka ka zaɓi safiyar da ruwa ya kwanta, ka shiga sashen daidaita kamfas a saitin na'urar, ka riƙa kewayawa da jirgin a hankali, gudu ƙasa da kilomita 4 a awa, kowane zagaye ya ɗauki kamar minti 3, har na'urar ta fitar da adadin karkatar kamfas ɗin da ta gano. Idan ya haura digiri 15, wurin da kamfas ɗin yake bai dace ba, kuma babu saitin da zai rufe wannan aibi. Sai an sauya masa mazauni an maimaita zagayen.

Amsar wani tsohon matuƙi:
Maganar injiniya daidai ce, amma ƙanena, ka lura cewa GPS tana nuna hanyar da jirgi yake bi ne a zahiri, kamfas kuwa inda hancinsa yake fuskanta. A mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, inda ruwa ke ja da ƙarfi lokacin cikar teku da janyewarsa, sukan saɓa, don haka a kwatanta su a ruwa marar ja.

Ƙarin bayani daga injiniyan:
Idan kamfas ya daidaita amma karkacewar ba ta daina ba, sai a duba ma'aunin ƙarfin murza sitiyari. A gudun da kuka saba, ka umarci na'urar ta juya digiri 40. Idan jirgin ya zarce sabuwar alkiblar da fiye da digiri 5, ƙarfin ya yi yawa, a rage shi mataki ɗaya a sake gwadawa. Idan sitiyarinku na haidirolik ne, wato mai aiki da matsin mai, a fitar da iskar da ke cikin bututun mai kafin wannan gwaji.